Gwaji ya ce akwai, likita ya ce babu: yadda ake gano cutar cizon kaska a jijiyoyin yara

Duk shekara in zafi ya shigo a ƙasashe irin su Jamus da Suwidin da Ostiriya, da kuma arewa maso gabashin Amurka, asibitocin yara sukan fara ganin abu iri ɗaya, a kawo yaro ɗan shekara shida ko takwas bakinsa ya karkace ido ɗaya ba ya rufuwa, ko kuma ya yi sati biyu yana fama da ciwon kai da kasala ko abinci ba ya so. A irin waɗannan wurare abin da likita zai fara kawowa a ransa shi ne cizon kaska. Sai a ɗebi jini a kai lab, to daga nan ne ruɗanin yake farawa, domin wani yaron sakamakonsa zai fito negetib amma likita ya ce a fara magani, wani kuma ya fito fozitib likita ya ce ai wannan ba shi ne ke damunsa ba. Ga shi kuma a kan cutar Laim, wadda cizon kaska ke kawowa, Birtaniya ta fitar da ƙa'idarta a 2018, Amurka ta gyara tsarin gwajinta a 2019 sannan ƙungiyoyin likitocinta suka fitar da sabuwar ƙa'ida a 2020, Turai kuma tana da tata tun 2010, kuma ba a kan komai bakinsu ya zo ɗaya ba.

## Wace cuta ake nufi

Kaskar da ake magana ba irin wadda muka saba gani a jikin shanu da karnuka ba ce. Wata ƙarama ce daga dangin Ixodes mai zama a ciyawa da ganyen da ya zuba a dazuzzuka masu danshi, 'yar ƙaramarta da ta fi cizon mutane ba ta wuce milimita 2 ba, shi ya sa iyaye da yawa in an tambaye su sai su ce su fa ba su ga wata kaska ba. A jikin yara ta fi son kai da wuya da bayan kunne.

Manyan cututtuka biyu take sawa masu taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Ta farko cutar Laim, wadda bakteriya mai suna Borrelia ke haddasawa. Sunan ya samo asali ne daga garin Lyme a jihar Konetikat ta Amurka, inda a 1975 iyaye mata suka matsa wa hukuma lamba saboda yawan yara masu kumburin gwiwa a yankin, likita Allen Steere na jami'ar Yale ya bi diddigi, sai a 1982 Willy Burgdorfer ya wallafa cewa ya gano ƙwayar a cikin kaska. Amma a Turai an san alamominta tun kafin nan, Afzelius ya yi bayanin jan zoben da ke fitowa a fata a Suwidin a 1909, likitocin Faransa Garin da Bujadoux suka rubuta labarin wanda ta taɓa wa jijiya a 1922, Bannwarth a Jamus ya ƙara bayani a 1941. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ƙiyasta cewa kusan mutum 476,000 ake yi wa maganin Laim duk shekara a ƙasar.

Ba duk wanda ya kamu ne cutar ke hawa jijiyarsa ba, adadin da aka fi ambata shi ne kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na waɗanda ba su sha magani ba. In ta hau, a manya ta fi zuwa da azababben ciwon jijiya a baya ko ƙafa mai tsananta da dare. A yara kuwa fuskarta daban ce, shanyewar ɓarin fuska ce kan gaba, sai wani irin sanƙarau mai sanyin tafiya, ba irin namu na lokacin zafi mai kayar da yaro cikin kwana ɗaya ba, wannan ciwon kai ne da gajiya da ɗan zazzaɓi na tsawon makonni, wuyan ma ba lallai ya sanƙare ba.

Akwai wani bambanci da zai dawo mana a gaba. A Amurka nau'i ɗaya ne ya mamaye, Borrelia burgdorferi, wanda ya fi son gaɓoɓi. A Turai akwai Borrelia afzelii mai son fata, da Borrelia garinii wanda shi ne ya fi hawa jijiya.

Cuta ta biyu ita ce kumburin ƙwaƙwalwa da ake kira TBE, Jamusawa suna ce mata FSME. Ita bairas ce ba bakteriya ba, za mu zo kanta.

## Abin da gwajin yake aunawa

Nan ne tushen duk rikicin. Gwajin jinin da ake yi ba ƙwayar cutar yake nema ba. Antibodi yake nema, wato sinadarin da garkuwar jiki ke ƙerawa don ya kama wata ƙwayar cuta takamaimai. Kamar mai bin sawu ne, sawun yana nuna an wuce ta nan amma ba ya faɗin yau ne ko bara, kuma in mutumin yanzu ya shigo gidan ƙila ba a ga sawun ba tukunna.

Me ya sa ba a neman ƙwayar kanta? Saboda Borrelia ba ta zama da yawa a jini ko a ruwan baya, ta fi lafewa a cikin nama, kuma renonta a lab yana ɗaukar makonni sannan sau da yawa ba ta tsirowa.

Antibodi iri biyu ake dubawa. IgM shi ke fara fitowa, wajen sati 2 zuwa 4 bayan cizon. IgG yana biyo baya, sati 4 zuwa 6 ko fiye, kuma shi in ya zo yana iya zama shekaru ko da an warke sarai. Daga wannan kaɗai za a ga matsala biyu. In an yi gwajin da wuri jiki bai gama ƙera komai ba sai ya fito negetib alhali cutar tana nan, a matakin jan zoben fata kusan rabi ko fiye na marasa lafiya haka suke fitowa, shi ya sa duk ƙa'idojin suka ce in likita ya ga zoben ya ba da magani kawai ba sai an yi gwaji ba. In kuma yaro ya taɓa haɗuwa da ƙwayar shekara biyu da suka wuce jikinsa ya gama da ita ba tare da kowa ya sani ba, to zai fito fozitib yau ko da ciwon kan da ya kawo shi na wani abu ne daban.

Wannan na biyun ba ƙaramin abu ba ne. Wani babban bincike da cibiyar Robert Koch ta yi a kan yara da matasan Jamus ya nuna kusan kashi 4 cikin 100 suna ɗauke da antibodin Borrelia a jini, kuma adadin yana ƙaruwa da shekaru. Ma'ana in ka ɗauki yara 100 masu ciwon kai saboda gajiyar makaranta ko matsalar ido ka yi musu gwajin, kusan huɗu za su fito fozitib, kuma babu ɗaya da Laim ke damunsa.

IgM kuma shi ne ya fi yaudara. Bairas ɗin Epstein-Barr da ke sa zazzaɓi da kumburin wuya a yara da matasa yana iya sa shi ya fito fozitib, haka tunjere, haka wasu cututtukan da garkuwar jiki ke juyowa kan mai ita.

## Mataki biyu, da gyaran 2019

Saboda wannan yaudarar ne aka yi taro a garin Dearborn na jihar Mishigan a 1994, aka fito da tsarin da CDC ta amince da shi a 1995, wato gwaji mai hawa biyu. Na farko gwajin antibodi ne a jini mai suna ELISA, mai saurin kamawa amma yana kama har da abin da ba shi ba. In ya fito fozitib ko ya tsaya a tsakiya sai a yi na biyu, Western blot, wanda ke fitar da layuka-layuka a kan takarda kowane layi yana nuna wani sashe na ƙwayar da antibodi ya kama. Ƙa'idar Amurka ita ce layi 2 cikin 3 na IgM, ko layi 5 cikin 10 na IgG. Kuma in alamomin sun wuce kwana 30 to ba a kallon IgM shi kaɗai, dole IgG ya fito.

Matsalar gwaji na biyun ita ce yana cin lokaci, sau da yawa sai an tura wani lab ɗin, kuma karanta layukan ya danganta da idon mai karantawa, layi mai dishi-dishi wani ya ƙirga shi wani ya bar shi. A 2019 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince a yi amfani da gwaji biyu masu irin tsarin ELISA a jere maimakon ELISA da blot, CDC ta biyo baya a shekarar. Sabon tsarin ya fi kama cutar a farkonta kuma sakamako yana fitowa da wuri. Amma fa ba a soke tsohon ba, duka biyun suna aiki, shi ya sa iyaye za su iya samun takarda mai layuka daga wani asibiti, wani asibitin kuma takarda mai lambobi biyu kawai, su ɗauka an yi musu ha'inci.

A Birtaniya ƙa'idar 2018 ta hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin magani ta tsaya a kan ELISA sannan blot, ta kuma ce in an yi gwajin cikin sati 4 da fara alamomi ya fito negetib kuma har yanzu ana zargi, a sake bayan sati 4 zuwa 6.

## Ruwan baya da lissafin da ake yi da shi

Duk abin da aka faɗa a sama jini ne. To jini iyakarsa ya ce jiki ya haɗu da Borrelia, ba zai ce ta hau ƙwaƙwalwa ko laka ba. Don sanin wannan sai an ɗebi ruwan baya, irin yadda ake yi wa wanda ake zargin sanƙarau, allura a ƙasan baya a ɗebi ruwan da ke zagaye ƙwaƙwalwa da laka.

Abu na farko da ake dubawa a ruwan shi ne fararen ƙwayoyin jini. A lafiyayyen yaro ba sa wuce 5 a kowane mikrolita, in sun wuce akwai kumburi. A Laim yawancinsu irin da ake kira limfosait ne. Sai dai bairas ɗin da ke yawo a lokacin zafi, musamman enterobairas, su ma suna ba da kusan irin wannan hoton, kuma a wata ɗaya suke zuwa da Laim. Don haka ƙirgen shi kaɗai bai raba gardama ba. Likitocin yara a Amurka suna da wata dabara da suke kira dokar bakwai-bakwai, in ciwon kan bai kai kwana 7 ba, irin waɗancan ƙwayoyin ba su kai kashi 70 cikin 100 ba, kuma jijiya ta 7 mai motsa fuska ko wata jijiyar kai ba ta taɓu ba, to da wuya ya zama Laim.

Abu na biyu shi ne antibodi a cikin ruwan, kuma a nan ne mutane da yawa suke kuskuren fahimta. Ganin antibodi a ruwan baya ba hujja ba ce. Akwai shinge tsakanin jini da ruwan ƙwaƙwalwa amma ba ya toshe komai ɗari bisa ɗari, kullum ɗan kaɗan na antibodin jini yana tsallakawa, in akwai kumburi kowane iri ne kuma shingen yana ƙara sakewa abin da ke tsallakawa ya ƙaru. Ke nan yaron da yake da tsohon IgG a jini sannan bairas ta sa masa sanƙarau, za a iya ganin antibodin Borrelia a ruwan bayansa alhali Borrelia ba ta je wurin ba.

Tambayar da ake son amsawa ita ce, wannan antibodin daga jini ya tsallako ko a can ciki aka ƙera shi? Sai a ɗebi jini da ruwan baya a rana ɗaya. A auna antibodin Borrelia a ruwa a raba da na jini. Sannan a auna dukkan IgG baki ɗaya a ruwa a raba da na jini, wannan shi ke nuna yawan yoyon shingen. Sai a raba lissafin farko da na biyu. In tsallakowa ce kawai amsar za ta tsaya kusa da 1, tunda antibodin Borrelia ba shi da wata alfarma da za ta sa ya fi sauran tsallakawa. In amsar ta kai 1.5 ko ta wuce, to akwai ƙarin da ba daga jini ya zo ba, a ciki aka ƙera shi. Wannan lambar ita ake rubutawa AI a takardar sakamako.

Ita ma tana da nata lokacin. Ƙa'idar Turai ta ce in alamomin ba su kai sati 6 ba tana kama kusan kashi 80 cikin 100, in sun wuce haka tana kama kusan kowa. Yara kuma da wuri ake kawo su, uwa ba za ta ga bakin ɗanta ya karkace ta jira sati shida ba, washegari tana asibiti, to shi ya sa a yara aka fi samun wanda ruwansa yana da kumburi amma AI ɗinsa negetib. A ɗaya gefen kuma AI yana iya zama fozitib shekaru bayan an warke, don haka ba a amfani da shi a ce magani ya yi aiki ko bai yi ba.

## Inda Turai da Amurka suka raba hanya

Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin jijiya ta Turai ta fitar a 2010 ta gindaya sharaɗi uku: alamomin jijiya da suka dace da Laim kuma babu wani dalili a fili, yawan fararen ƙwayoyi a ruwan baya, da antibodin da aka ƙera a ciki. In ukun sun cika an tabbatar. In biyu ne sai a rubuta mai yiwuwa, kuma shi ma ana ba shi magani. Tunda biyu daga cikin ukun sai da ruwan baya ake saninsu, a Jamus da ƙasashen Sikandinebiya yaro mai shanyewar fuska a lokacin kaska galibi sai an ɗebi ruwan bayansa.

Hujjarsu ita ce nau'in da ke Turai ya fi hawa jijiya, yara da dama suna da tsohon antibodi a jini don haka jini kaɗai zai sa a yi wa waɗanda ba su da cutar magani, sannan akwai yaran da a farkon ciwon antibodi yake bayyana a ruwan baya kafin ya bayyana a jini.

A Amurka ƙa'idar 2020, wadda ƙungiyar likitocin cututtuka masu yaɗuwa da ta jijiya da ta gaɓoɓi suka haɗu suka rubuta, ta sa gwajin jini a gaba. Ta ce in za a duba ruwan baya to a yi lissafin AI da jinin da aka ɗiba tare, amma ba ta wajabta ɗibar ruwan ga duk mai shanyewar fuska ba. Likitoci da yawa a can in yaro ya zo daga yankin da cutar take, fuska ta shanye, babu tsananin ciwon kai ko sanƙarewar wuya, jini ya fito fozitib, sai su ba shi maganin sha su sallame shi. Hujjarsu ita ce in sakamakon ruwan ba zai canza maganin ba, me ya sa za a soki yaro a baya, wani lokacin ma sai an sa shi barci.

Abin da ya ƙara wa wannan ra'ayin ƙarfi shi ne maganin sha mai suna doksisaikilin. Da ana gudun ba wa yara 'yan ƙasa da shekara 8 saboda tsoron ɓata launin haƙori, to a 2018 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce za a iya ba kowane yaro in bai wuce kwana 21 ba. A Turai wurare da dama har yanzu ƙananan yara allurar seftiriyazon ta jijiyar jini ake yi musu, NICE kuma ta sa iyakar doksisaikilin a shekara 9. Tsawon maganin dai kusan ɗaya ne ko'ina, kwana 14 zuwa 21. In aka duba da kyau kowane ɓangare yana amsa tambayar wurinsa ne, ƙwayar ba ɗaya ba ce kuma tsarin asibitin ba ɗaya ba ne.

## CXCL13 da PCR

Don cike giɓin makonnin farko ne aka fara auna wani sinadari a ruwan baya mai suna CXCL13. Aikinsa kiran ƙwayoyin da ke ƙera antibodi zuwa wurin da cuta take, ke nan yana tashi tun kafin antibodin ya samu, kuma yana sauka da sauri in an fara magani, abin da AI ba ya yi. A Turai lab da yawa sun ɗauke shi a matsayin ƙarin hujja musamman ga yaron da ke rukunin mai yiwuwa. Cikas ɗinsa shi ne ba a daidaita a kan lamba ɗaya da za a ce daga nan ya yi yawa ba, kowane kamfani da ma'auninsa, sannan yana tashi a tunjeren da ya hau ƙwaƙwalwa da wata kansar jini da wasu cututtukan. Ƙa'idar Amurka ba ta sa shi cikin gwajin yau da kullum ba.

PCR kuwa, wanda mutane suka sani tun lokacin korona, shi ƙwayar kanta yake nema, amma a ruwan baya ƙasa da kashi 30 cikin 100 yake kamawa. In ya fito fozitib an gama magana, in ya fito negetib bai ce komai ba.

## Masu cewa gwajin yana barin mutane a baya

Akwai ƙungiyoyin marasa lafiya da wasu likitoci, fitacciyarsu ILADS, da suke ganin tsarin hawa biyu ya yi tsauri, yana barin mutane da yawa ba a gano su ba, kuma suna goyon bayan dogon magani ga masu gajiya da ciwon jiki da mantuwa da suka daɗe. A batun makonnin farko suna da gaskiya, kuma ɗaya ɓangaren ma bai musa ba. Inda aka saɓa shi ne ciwon da ya yi watanni, manyan ƙungiyoyin likitoci suna cewa a wannan matakin kusan kowa IgG ɗinsa ya fito, don haka negetib bayan wata shida yana nufin a nemi wani dalilin. Gwaje-gwajen magani da aka yi a kan manya a Amurka da Holan kuma ba su nuna cewa tsawaita maganin na watanni yana da amfani mai ɗorewa ba, illa kuwa an gani.

A tsakanin nan ne kasuwar lab masu zaman kansu ta buɗe, suna sayar da gwaje-gwaje irin su LTT da ELISpot da CD57 da gwajin fitsari, iyaye su biya kuɗi masu yawa daga aljihu su aika jini wata ƙasa. Ƙa'idojin hukuma a Turai da Amurka ba su amince da waɗannan don gano cutar ba, saboda ba a nuna suna bambanta mai cutar da lafiyayye yadda ya kamata ba. Haɗarin ga yaro biyu ne, ya sha maganin da ba ya buƙata, kuma ainihin abin da ke damunsa ya ci gaba ba a duba ba.

## TBE, inda antibodi ya fi amfani

TBE tana tsakiyar Turai da ƙasashen Baltik da Rasha har zuwa arewacin Chaina, a Jamus ta fi yawa a kudu, jihohin Bavariya da Baden-Württemberg. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ana kai rahoton mutum 10,000 zuwa 12,000 duk shekara. Borrelia tana buƙatar kaska ta daɗe a maƙale, galibi fiye da awa 24, ita kuwa wannan bairas cikin mintuna take shiga, kuma ana ɗaukarta ta madarar akuya ko tunkiya ko saniya da ba a dafa ba.

Zuwa biyu take yi. Zazzaɓi da ciwon jiki na 'yan kwanaki, sai yaro ya warware kamar sati ɗaya, sannan a wasu ta dawo da zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da amai. A zuwan farko bairas tana cikin jini PCR zai iya kama ta amma babu mai zargi a lokacin. A zuwa na biyu ta bar jini, amma IgM da IgG kusan kullum sun fito, don haka a nan gwajin antibodi yana aiki sosai. Babu maganin da ke kashe ta sai dai kula da mara lafiya, amma akwai rigakafi, Ostiriya ta fara yi wa jama'a gaba ɗaya tun 1981, Amurka ta amince da allurar TicoVac a 2021 saboda matafiya. A yara ta fi sauƙi fiye da tsofaffi, duk da cewa wasu sukan rage da matsalar mai da hankali da riƙe karatu.

Nata cikas ɗin shi ne dangi. TBE 'yar gida ɗaya ce da zazzaɓin shawara da denge da bairas ɗin Yammacin Nilu, antibodin ɗaya yana iya kama ɗaya a ELISA, musamman IgG. Wanda aka yi wa rigakafin TBE shi ma zai fito fozitib. In an shiga kokwanto akwai gwajin da ake haɗa jinin da bairas mai rai a ga ko zai hana ta aiki, sai dai lab ƙalilan ne ke yin sa.

## Abin da ya shafi iyalai

Ga iyayen da ke zaune a waɗannan ƙasashe, tasirin farko shi ne jira. Yaro mai shanyewar fuska za a iya fara masa magani kafin sakamako ya fito, ko a ce a dawo a sake ɗibar jini bayan makonni, duka biyun suna cikin ƙa'ida. Kuma bayan an gama magani ba a sake gwajin don a ga ya koma negetib, ba zai koma ba. Yawancin yara suna warkewa, fuskar takan ɗauki makonni ko 'yan watanni kafin ta daidaita.

Iyalan da suka fito daga Najeriya ko Nijar ko Gana suna da ƙarin abubuwa. Jan zoben da hotunan asibiti ke nunawa a farar fata ne, a baƙar fata yakan fito kamar duhu ko tabo mara haske, kuma bincike a Amurka ya nuna baƙaƙe an fi gano su a makare bayan cutar ta bazu. Ke nan alamar da ke sa a ba da magani ba tare da gwaji ba ita ce ke kuɓucewa, sai nauyin ya koma kan gwajin jini. Sannan a ƙasashen nan uku ana yi wa yara allurar shawara a wata 9, yaron da aka yi wa ita kafin a tafi da shi Jamus yana iya ba da IgG na TBE fozitib ba tare da kaska ta taɓa cizonsa ba, likitan can kuma ba lallai ya tambaya ba in ba a nuna masa katin rigakafin ba.

A gida kuwa, nau'in kaskar da ke yaɗa Laim da TBE ba na yankin Sahel ba ne, kaskar shanunmu dangi daban ce. Amma Afirka ta Yamma tana da tata Borreliar, mai suna Borrelia crocidurae, wadda wata kaska mai laushi da ke zama a ramukan ɓeraye ke yaɗawa da dare, an yi bincike sosai a kanta a Senegal da Mali da Muritaniya. Zazzaɓi take sawa mai tafiya ya dawo, sau da yawa a ɗauka maleriya ce, kuma ita ma takan hau ƙwaƙwalwa. Da yake dangin juna ne, antibodinta yana iya sa gwajin Laim ya fito fozitib, don haka wanda bai taɓa barin yankin ba in aka kawo masa takarda mai cewa yana da Laim akwai dalilin sake dubawa. Ita wannan ba da antibodi aka fi gano ta ba, jini ake ɗiba a daidai lokacin da zazzaɓin yake sama a shafa a gilashi a duba a madubin lab, irin yadda ake duba maleriya, ko kuma a yi PCR inda akwai shi.